Darasi Na 14: Makunnin Analog Da Aka Ɗauke Wa Wuta, Da Yoyon Da Ke Shiga Ta Ƙafarsa

Galibin waɗanda suka koyi gyaran rediyo da amfilifaya a bakin kasuwa sun tashi da wata aƙida wadda ba wanda ya karantar da su ita, sabo ne kawai ya dasa musu, wato cewa na'urar da aka ɗauke wa wuta ta zama gawa ke nan har ran da aka mayar mata, ba ta ci, ba ta sha, ba ta kuwa da wani tasiri a kan abin da ke haɗe da ita. Wannan magana gaskiya ce game da makunnin bango, inda ƙarfe biyu suke rabuwa iska ta shiga tsakaninsu. Gaskiya ce kuma game da rile, wanda in maganaɗisunsa ya saki sai harshensa ya koma mazauninsa. Amma game da ɗan aisin nan da ake kira makunnin analog, wanda muka fara sani a darasin da ya gabata, kuskure ce, kuskuren kuwa mai tsada, domin ya sha ɓata awo, ya rikita na'ura, ya ƙone aisi a hannun mutanen da za su iya rantsewa ba su karkata ko waya ɗaya ba.

Mai karatu zai tuna cewa makunnin analog ba shi da wani abu mai motsi a cikinsa. Tiransista biyu ne aka jera kafaɗa da kafaɗa, ɗaya irin N ɗaya irin P, waɗanda in an ba su umarni ta ƙafar sarrafawa sai su buɗe wa sigina hanya, in an janye umarnin su rufe. Asalin irin wannan tiransista daga ɗakin binciken Bell na Amurka yake, inda Muhammad Atalla, Bamisre haifaffen Bur Sa'id, da Dawon Kahng mutumin Koriya suka ƙera shi tsakanin 1959 da 1960; a 1963 Frank Wanlass na kamfanin Fairchild ya fito da dabarar gwama irin N da irin P wuri ɗaya, wadda ake yi wa laƙabi da CMOS; a 1968 kuma kamfanin RCA ya fara sayar da jerin aisin nan masu lamba 4000, waɗanda jikokinsu ne CD4066 da CD4051 da ke cike da akwatunan masu sayar da kayan gyara har yau. CD4066 yana da ƙafa 14 da makunnai huɗu a cikinsa, ƙafa ta 14 ita ce ta layin wuta, wadda takardun kamfani suke rubuta wa VDD, ta 7 kuwa ta layin ƙasa, wato VSS. CD4051 yana da ƙafa 16, aikinsa ya zaɓi hanya ɗaya daga cikin takwas ya sadar da ita da ƙafa ta 3.

Yoyo iri biyu ne

Kafin mu shiga mas'alar, wajibi ne mu rarrabe abu biyu da ake kira da suna ɗaya, domin rashin rarrabe su shi ne tushen ruɗanin. In ɗalibi ya buɗe takardar bayanin CD4066B zai tarar an rubuta cewa yoyon da ke bi ta makunnin da ke rufe, a galibin hali, fikoamfiya 10 ne, sa'ad da layin wuta yake kan volt 10 kuma zafin ɗaki yake digiri 25. Fikoamfiya ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan na amfiya, abin da mitar da ke hannunka ba za ta ko ji ɗuriyarsa ba. Wanda ya karanta wannan adadi sai hankalinsa ya kwanta, ya ce ai abin da bai kai a gani ba bai kai a damu da shi ba. To, amma kowane hukunci yana da sharaɗinsa, kamar yadda kowane almajiri ya sani, in sharaɗi ya faɗi hukunci ya bi shi. Sharaɗin wannan adadi kuwa shi ne aisin yana da wutarsa, siginar da ke ƙafarsa kuma ba ta haura layin wuta ba, ba ta gangara ƙasa da layin ƙasa ba. Da zarar an ɗauke wutar, alhali sigina tana nan tsaye a ƙafa, to, wancan yoyo na takarda ya tashi daga aiki, wani yoyo dabam ya maye gurbinsa, wanda ake auna shi da miliamfiya. Tsakanin fikoamfiya 10 da miliamfiya 1 akwai ninki miliyan 100. Na farko raɓa ce a bayan tulu, na biyu tulun ne ya huje.

Sababin wannan yana cikin ginin aisin kansa. Kowa ya san abin da ke faruwa da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, mutum ya yaye bargo da dare ya ga tartsatsi, ko ya miƙa hannu ga ƙofar mota ta ɗalle shi. Wannan ɗallewa, ko da yake ba ta kashe ko kiyashi, ƙarfinta yakan kai volt dubbai, fatar da ke raba ƙofar tiransista da jikinsa kuwa siririya ce ƙwarai, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta. Saboda haka masu ƙira suka sa wa ƙafafun aisin masu tsaro, wato dayod biyu-biyu, ɗaya yana kallon layin wuta ɗaya yana fitowa daga layin ƙasa, don in wani ƙarfi ya auko daga waje su karkatar da shi zuwa layukan nan biyu kafin ya isa inda zai yi ɓarna. Ko da ma ba a sa su da gangan ba, a ƙafafun sigina akwai irinsu bisa ɗabi'a, domin bakin tiransista irin P yana zaune ne a cikin jiki irin N, jikin nan kuwa a ɗaure yake da layin wuta, duk inda P ya haɗu da N kuma dayod ya samu, ko an so ko ba a so ba.

Dayod, kamar yadda ya gabata a darasi na shida, ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya, ba ta kuwa buɗewa sai gabanta ya ɗara bayanta da misalin volt 0.6. Muddin layin wuta yana kan volt 5, sigina mai volt 3 tana ƙasa da shi, ƙofar a danne take, ba abin da ke wucewa sai raɓar nan da muka ambata. Amma in layin wuta ya faɗi ya koma sifiri, siginar nan dai mai volt 3, wadda ba ta canja komai ba, ta zama ita ce a sama, sai ƙofar ta wangale, wuta ta kwarara daga waje zuwa cikin layin da ake zaton matacce ne. Misalinsa kamar rariyar gida ce: ba ta san ciki ba, ba ta san waje ba, inda ya fi gangare kawai ta sani, ran da tsakar gida ta fi titi zurfi kuwa, ta nan ruwan unguwa zai shigo.

Kamfanonin ba su ɓoye wannan ba, sai dai sun faɗe shi da harshen lissafi, wanda mai gaggawa yakan tsallake. A shafin haddodin da ba a ƙetarewa an rubuta cewa ƙarfin da ke kan kowace ƙafar shiga kada ya wuce VDD da ƙarin volt 0.5, wutar da ke bi ta ƙafa ɗaya kuma kada ta wuce miliamfiya 10. Ka lura da kyau, ba a ce volt 5.5 ba, ba a ce 15.5 ba, cewa aka yi VDD da ƙarin rabi. Haddin yana tafiya ne tare da layin wuta, in ya hau ya hau, in ya sauka ya sauka; ran da VDD ya zama sifiri, haddin ya zama rabin volt, har batirin tocila guda mai volt 1.5 ya zama mai ƙetare iyaka. Wannan jumla ita ce zuciyar darasinmu, wanda ya riƙe ta zai iya fitar da sauran da kansa ta hanyar ƙiyasi.

Gwaji a kan tebur

Ba na so ɗalibi ya karɓi wannan don na faɗa, alhali tabbatar da shi bai fi aikin minti goma ba. Ɗauki CD4066 wanda ba a jona da komai ba, ka juya mitarka zuwa awon dayod, ka ɗora jan tsinke a ƙafa ta 1, baƙin a ƙafa ta 14. Za ka ga ta nuna wani abu kusa da 0.6 ko 0.7, in ka juya tsinkayen kuwa ta nuna hanya a toshe. Ga mai tsaron nan ka gan shi da idonka. Sa'an nan ka kafa aisin a allon gwaji, ka ɗaure ƙafafun sarrafawa huɗu, wato ta 5 da ta 6 da ta 12 da ta 13, da ƙafa ta 7, ka kai baƙar wayar batir mai volt 9 ga ƙafa ta 7, jar wayar kuma ka bi da ita ta razista mai kilo-om 10 zuwa ƙafa ta 1. Ƙafa ta 14 kada ka ba ta komai. Yanzu auna tsakanin ta 14 da ta 7. Ƙafar da ba ka kai wa wuta ba, za ka same ta da sama da volt 8. In ka ƙara da ɗan jan ƙwan LED tare da razista mai kilo-om 1 tsakanin ƙafafun nan biyu, ka kāre shi da tafin hannu don hasken ɗaki, za ka ga ya yi ja, dishi-dishi, da wutar da ba ta kai miliamfiya ɗaya ba, wadda kuma ba ta da wata hanyar zuwa gare shi sai ta cikin aisin da muka ce a kashe yake.

Abin da ya sa na tsananta a kan wannan gwaji shi ne wani al'amari da ya faru a ajinmu na yamma. Wani dattijo daga cikin ɗalibai, mai gyaran rediyo tun ina yaro, wanda yanzu aikin sola ya fi yi masa yawa, ya zo da wani allo a nannaɗe cikin tsumma, na na'urar da ke lura da ƙarfin batura tana nunawa a ɗan gilashi. Ya ajiye shi a gabana ya ce, "Malam, wannan allo ya gagare ni. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya yi shiru sai ka ce an yi masa asiri, amma in na zare wayar batir na mayar, nan take ya farka. Na sake regileta, na sake kwandensa, har ƙwaƙwalwar na sake."

Na ce, "Baba, bar masa wayar batir, ka zare ta wutar kaɗai, ka ɗora mita a ƙafa ta 16 ta CD4051 ɗin nan."

Ya ɗora, ya ɗaga tabarau ya sake dubawa, ya ce, "Volt 1.9. To, daga ina?"

Daga batir ne, ta hanyar da aka yi don awo kawai. Mai ƙirar allon ya rage ƙarfin batirin da razista biyu, kilo-om 10 a sama da kilo-om 4.7 a ƙasa, yadda volt 12.6 na cikakken batir zai koma misalin volt 4 kafin ya isa ƙafar makunnin, wannan kuwa daidai ne ƙwarai muddin layin wuta yana kan volt 5. Amma da aka ɗauke wutar, sai volt 4 ɗin nan suka tura dayod, wutar da ba ta kai miliamfiya ɗaya ba ta riƙa tsiyaya cikin layin, ta cika kwandensa, ta riƙe ƙwaƙwalwar na'urar a wani hali na tsaka-tsaki, ba barci ba, ba farke ba. Ita kuwa ƙwaƙwalwa irin wannan tana da wata da'ira a cikinta mai mayar da ita farkon karatunta duk sa'ad da wuta ta zo, da'irar nan kuma ba ta aiki sai ta ga layin ya sauka ƙasa sosai sa'an nan ya hau. Tun da bai taɓa sauka ba, ba ta san an ɗauke wuta ba, balle ta san an dawo da ita. Regileta ba shi da laifi, kuma ba shi da abin da zai iya yi, domin galibinsu an yi su ne su bayar da wuta, ba su san yadda ake shanye wadda ta shigo ta bayan gida ba. Dattijon ya yi shiru, can ya ce kayan da ya saya ya sauya sun fi kuɗin allon.

Wannan ita ce illar da ta fi yawa, ta kuma fi wahalar ganewa, domin ba ta barin tabo. Akwai wasu. Makunnin da ba shi da wuta ba ya zama a rufe bisa amana: ƙofar tiransista irin P tana kan sifiri, in sigina ta ɗaga bakinsa sama da ƙofar da abin da ya isa, sai ya buɗe da kansa ba da umarnin kowa ba, abin da ke hanya ta ɗaya ya ɓullo a mafita, daga can ya leƙa hanya ta biyu, har na'urar da ke gaba, in tana da tata wutar dabam, ta karɓi abin da ba a aiko mata ba. Haka kuma ita siginar kanta takan cutu. A ce an raba waya ɗaya daga na'urar sauti zuwa amfilifaya biyu, ɗaya a kunne ɗaya a kashe, wanda ke kashe kuma makunnin analog ne yake zaɓar masa mashiga ba tare da razista mai kauri a gabansa ba; to, duk sa'ad da murya ta ɗaga ta wuce misalin volt 0.6, dayod ɗin na kashe za su aske mata kai da ƙafa, sai a ji lasifikar na kunne tana gwarangwaran a wurin ƙarfi tana washewa a wurin taushi, mai gyara kuwa ya duƙufa a kan amfilifayar da ba ta da ciwo.

Illar da ke barin tabo iri biyu ce. Ta farko ba ta bukatar dogon bayani: in babu razista ko kaɗan tsakanin ƙafa da tushe mai ƙarfi irin batirin mota, wutar da za ta ruga don cika kwandensan layi takan kai amfiyoyi, ta hanyar da aka yi wa haddin miliamfiya 10, sai dayod ya narke, duk wani aisi mai volt 3.3 ko 5 da ke kan layin nan kuma ya sami kansa da kusan volt 11. Ta biyu ta fi ban mamaki, ita ce muke kira sarƙewa. A cikin kowane aisin CMOS na gargajiya, saboda yadda aka jera sassan P da N, akwai wasu tiransista biyu na ɓoye waɗanda ba wanda ya nufa da ƙera su, an kuwa haɗa su ta yadda in ɗaya ya buɗe zai buɗe ɗan'uwansa, shi kuma ya riƙe na farko a buɗe, kamar 'yan kokawa biyu da suka sarƙe ba mai iya sakin wani. A zaman lafiya barci suke yi. Wutar da ke kwarara ta dayod ɗin tsaro ita ce ke tashinsu, lokacin da ya fi hatsari kuwa shi ne sa'ad da wutar gaske ta dawo ta tarar da wancan yoyo yana cikin gudana. In suka sarƙe sai su haɗe layin wuta da layin ƙasa kai tsaye, aisin ya yi zafin da ba ka iya ɗora yatsa, kuma ko ka cire siginar da ta jawo abin ba zai saki ba, sai an yanke wutar ɗungum. In an yi sa'a regileta mai rauni ne, aisin ya tsira. In mai ƙarfi ne, sai hayaƙi. Saboda wannan ne ƙungiyar JEDEC ta kafa ƙa'idar gwaji mai lamba JESD78, inda ake tura wa ƙafa miliamfiya 100 a ga ko aisin zai sarƙe.

Magani da abin da yake ci

Littattafan Turai suna fara magani da tertibi: a fara haɗa layin ƙasa, sa'an nan layin wuta, sa'an nan sigina, wajen kashewa kuma a bi ta baya. Ƙa'ida ce ingantacciya, ɗalibi ya lizimce ta a teburin aikinsa. Amma a ra'ayina wanda ya dogara da ita kaɗai a garuruwanmu ya gina a kan rairayi, domin masu ɗauke wuta ba sa sallama, janareta ba ya jiran tertibin kowa, batir da farantin sola kuwa suna nan a haɗe dare da rana. Allon da zai rayu a nan dole a ƙera shi bisa zaton cewa sigina za ta riga wuta zuwa, ta kuma daɗe bayan tafiyarta.

Mafi sauƙin magani razista ce a jere da ƙafa, lissafinta kuwa dokar Om ce da muka sani. Sigina mai volt 12 ta razista mai kilo-om 10 ba za ta tura fiye da miliamfiya 1.14 ba, wato an cire 0.6 daga 12 an raba da 10,000, wannan kuwa yana can ƙasa da haddi, dayod ba zai ƙone ba, sarƙewa ma ta yi nisa. Sai dai, kamar yadda allon dattijon nan ya nuna, ko wutar da ba ta kai miliamfiya ɗaya ba, wadda ba ta ƙona komai, ta isa ta ɗaga layi. Abin da muka yi masa abu biyu ne. Muka ninka razistocin rage ƙarfi sau goma, suka koma kilo-om 100 da kilo-om 47, yadda rabon bai canja ba amma yoyon ya koma misalin kashi ɗaya cikin goma na miliamfiya. Sa'an nan muka sa razista mai kilo-om 4.7 tsakanin layin wuta da layin ƙasa, ta zama magudanar da ke zubar da abin da ya tsiyayo. Da ya sake aunawa, ƙafa ta 16 ba ta kai rabin volt ba, allon kuma ya riƙa tashi duk sa'ad da aka kira shi. Abin da magudanar ta ci shi ne misalin miliamfiya ɗaya a duk lokacin da na'urar take aiki, wanda ba komai ba ne ga batirin sola, amma zai zama abin dubawa ga na'urar aljihu.

A nan ne kuma ƙaramin yoyon nan na farko, wanda muka yi kamar mun sallame shi, yake dawowa ya nemi haƙƙinsa, domin duk yoyon da ya bi ta razista yana haifar da kuskure a awo gwargwadon girmanta. Razistocin nan biyu, in an dube su daga ƙafar aisi, daidai suke da guda ɗaya mai kilo-om 32. Yoyon nanoamfiya ɗaya a kanta mikrovolt 32 ne kacal, ba abin kulawa ba. Amma fikoamfiya 10 da takarda ta ambata hali ne na galibi, ba alkawari ba ne. Alkawarin da kamfani ya ɗauka a kan CD4066B shi ne ba zai wuce nanoamfiya 100 ba a digiri 25, ba zai kuma wuce mikroamfiya 1 ba a digiri 85, 'yan'uwansa ma haka suke ko kusa da haka. Yoyon mahaɗar P da N yakan ninka kansa sau biyu a duk ƙarin zafi na misalin digiri 10, yadda akwatin ƙarfe da ya kai digiri 55 a ɗakin kwano cikin watan Afrilu zai ninka shi sau takwas a kan na takarda. In aka ɗauki mafi munin hali, mikroamfiya 1 a kan kilo-om 32 milivolt 32 ne, wanda in an mayar da shi ga batir ya zama misalin kashi ɗaya cikin goma na volt. Ga mai lura da batir wannan abin haƙuri ne, ga mai auna siginar da ita kanta milivolt ce kuwa ɓarna ce tsantsa. Saboda haka ba a cewa razista ta fi girma ta fi kyau, sai an auna darura biyu an tsaya a tsakaninsu.

Wasu sukan ƙara dayod irin na Shotki daga waje, kamar BAT54, wanda yake buɗewa tun a misalin volt 0.3, don ya riga na cikin aisi ɗaukar kaya. Yana kāre aisin, babu shakka, amma ɗalibi ya sani cewa wutar da ya ɗauka layin nan dai yake kai ta, saboda haka bai hana layi ɗagawa ba ko kaɗan, kuma shi kansa mai yoyo ne in ya ji zafi. Wasu kuma sukan sa dayod a kan ƙafar wutar aisin, don abin da ya shigo ya tsaya a cikinsa kada ya isa ga maƙwabta. Wannan yana aiki, sai dai yana rage wa sigina fili da gwargwadon faɗuwar dayod ɗin, makunnin kansa kuma yana nan yana shan wuta daga sigina.

Magani na asali shi ne aisin da aka ƙera musamman don wannan hali, wanda aka sauya masa tsarin tsaro yadda babu dayod mai zuba kai tsaye cikin layin wuta, aka kuma sa masa da'irar da ke danne makunnin a rufe in wutarsa ta tafi. Kamfanin Analog Devices yana da ADG4612, wanda aka lamunce zai zauna a rufe ba tare da wuta ba, yana tare sigina har volt 16, da ADG5412F mai jure har volt 55 sama da ƙasa. Kamfanin Texas Instruments kuma yana da TMUX1511, wanda kariyarsa ta tsaya a volt 3.6. Ka ga ke nan su ma kowanne da haddinsa, sunan kariya bai ɗauke wa mutum karanta takarda ba. A wasu takardun za ka ga alamar Ioff, wadda ke nufin yoyon ƙafa a lokacin da VDD yake sifiri; in ka gan ta, kamfani ya yi maka alkawari a kan halin da muke magana, in ba ka gan ta ba, ba ka kuma ga wani bayani makamancinta ba, ka ɗauka aisin irin na gargajiya ne. Hukuncina shi ne, mai sabuwar ƙira wadda sigina za ta riƙa zama a kanta bayan ɗauke wuta ya nemi irin waɗannan ko da sun fi tsada sun kuma fi wuyar samu, mai gyaran tsohon allo ya wadatu da razista da magudana bayan ya yi lissafi, wanda kuwa siginarsa ta fi ƙarfin duka biyun ya koma ga rile, ba abin kunya ba ne.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya yi gwajin CD4066 da hannunsa, ya rubuta abin da mita ta nuna a ƙafa ta 14 kafin sa ƙwan da bayan sa shi. Sa'an nan ya sauya razistar kilo-om 10 da ta kilo-om 100, ya lissafa a takarda abin da yake tsammani tun bai auna ba, ya zo mana da adadin biyu. Wanda ba shi da mita ya haɗa kai da na kusa da shi, kuma kada kowa ya taɓa ƙafa ta 1 da batir ba tare da razista a tsakani ba.